Hadanar Jikata

Matar ɗana 'yar ƙasa ce. Kakanninta Hausawa ne, sun zo aikin hajji da ƙafa tun zamanin da ake shekaru a hanya, suka zauna a Makka, daga baya suka gangara Jidda, har suka zama 'yan ƙasar nan. Hausarta tana nan, amma irin ta mutanen can, wadda rabinta Larabci ne. Ni kuwa mutumin Damagaram ne. Na zo Riyad da ƙuruciyata ina tuƙin mota, yau ga furfura ta cika mini kai, amma har yanzu iƙama nake sabuntawa, wato takardar zaman baƙo. Babban ɗana a nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta, Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa. Duk da haka shi ma baƙo ne a idon hukuma, kamar ni.

A lokacin da nake ba da labari muna zaune tare a hawa na biyu na wani tsohon gini kusa da unguwar Nasiriya: ni da maiɗakina Hajiya, da ɗana da matarsa, da 'yarsu mai shekara uku. Ɗana yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Matarsa tana aiki a wani shagon turare cikin manyan kantunan unguwar Ulaya, tana tsaye a bayan kanta tun safe har la'asar. Albashin ba shi da yawa, amma ta daɗe tana nema kafin ta samu, kuma shi ke taimaka musu da haya. Ni ina tuƙa wata tsohuwa, matar mutumin da ya fara kawo ni ƙasar nan. Ba ta fita sai asibiti ko gidan 'ya'yanta, don haka 'ya'yan suka yarda in riƙa amfani da motar in ba ta buƙata. Da ita nake kai matar ɗana aiki, in ɗauko ta.

A wurinmu uba ba ya zama ya yi hira da matar ɗansa. Akwai kunya a tsakani, kuma ni a cikinta na tashi. Da farko surukata ta ɗauka ba na son ta ne, har ta kai kuka wurin Hajiya. Hajiya ta yi dariya ta ce girmamawa ce. Daga nan ta koya, ta ma fi wasu 'yan garinmu iyawa. Da safe takan durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Baba, ina kwana," in amsa fuskata na wani wajen. A mota tana baya, ina gaba. Mukan ratsa titin Ulaya duk tsawonsa da cunkosonsa ba wanda ya ce uffan bayan gaisuwa. Ina alfahari da wannan. Nakan gaya wa abokaina cewa surukata ta san ya kamata.

Duk maganar da ban yi da uwar ba, da 'yar nake yin ta. Amaryata nake ce mata. In na shigo gida nakan tambaye ta ina abincina, ta ce ba ta dafa ba, ba ta son miji marar haƙori. In ce to zan auro wata, sai ta ruga ta riƙe rigata tana cewa a'a da Larabci da Hausa a haɗe. Na haifi 'ya'ya, amma lokacin ƙuruciyarsu ina kan hanya da 'ya'yan wasu, ban ga tafiyarsu ta farko ba. Wannan yarinya ita ce ta farko da na ga girmanta rana bayan rana. Ban iya tunanin gidan ba tare da ita ba.

Hajiya ce ke riƙe ta in uwar ta tafi aiki. Gwiwoyin Hajiya sun daɗe suna ciwo, ga ciwon suga. Tana ɓoyewa, amma kowa na gani. Wata rana yarinyar ta buɗe ƙofa ta nufi matakala, Hajiya ta kasa tashi da sauri, sai maƙwabciya ce ta tare ta. Ba wanda ya yi maganar a gabana. Sai daga baya na ji.

Ana cikin haka, wata la'asar na ɗauko matar ɗana daga aiki. Muna tsaye a danja wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce daga Jidda. Da Larabci suke magana, tana rage murya. Ban saba sauraron maganar mutane a mota ba, direba yana koyon toshe kunne. Amma wata kalma ta shigo mini da kanta. Na ji ta ce hukuma ta amince da maganar hadana. Na ji ta ce ba ta gaya wa tsofaffin ba tukuna, ba ta san yadda za su ɗauka ba. Sannan ta ce daga farkon wata mai zuwa 'yarta ba za ta ƙara wuni a hannunsu ba. Muryarta cike da farin ciki.

Motar da ke bayana ta yi ta ƙaho kafin na lura an ba mu hannu.

Karatuna ba mai zurfi ba ne. Na yi allo, na yi 'yan shekaru a boko, Larabcina kuma na titi ne da na kasuwa. Amma kalmar hadana na san ta, ko in ce na ɗauka na san ta. Akwai wani ɗalibi ɗan Najeriya da ke karatu a jami'a, yana karanta mana fiƙihu tsakanin magariba da isha'i, mu tsofaffin direbobi da masu gadi. A wurinsa na ji ta, a babin da ke bin babin saki: in aure ya mutu, wa ya fi cancanta ya riƙe yaro. Wannan ita ce hadana. Kuma na gan ta da idona. Ina da aboki mutumin Maraɗi, mai gadi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ya auri 'yar ƙasa, aure ya ƙi, alƙali ya ba uwar riƙon ɗansu. Daga baya aikinsa ya ƙare, iƙamarsa ta ƙare da shi. Ni na kai shi filin jirgi. Bai yi kuka ba, amma tun daga gida har can bai daina juya hularsa a hannu ba.

To ga hukuma, ga hadana, ga ɓoye wa tsofaffi. Kuma a makon da ya wuce na ji ɗana da matarsa sun ɗaga murya a ɗakinsu, irin saɓanin da kowane gida ke yi. Na haɗa wannan da wancan, na gama hukunci kafin mu isa gida: tana shirin raba auren, ta riga ta je hukuma, za ta tafi da jikata Jidda, mu kuwa baƙi ne, ba mu da bakin magana.

Tana zaune a bayana, nisan hannu ɗaya. Ban juya ba. Yaya zan tambayi matar ɗana maganar aurenta? Ban gaya wa Hajiya ba, don na san ba ta iya riƙe magana, kuma tana son surukar tamu kamar ita ta haife ta. Ban tambayi malaminmu ba, don ina jin nauyin tona asirin gidana a gaban yaro sa'an ɗana. Na yi kwanaki ina juya abin ni kaɗai, har na fito da dabarar da a lokacin na ga kamar hikima ce. Na ce a raina, mace mai albashi ita ke iya tsayawa gaban alƙali ta ce za ta riƙe 'ya. In ta bar aikin ta zauna a gida, hannunta zai yi sanyi, kuma tana gaban idonmu.

Na kira ɗana bayan sallar asuba, a hanyarmu ta dawowa daga masallaci. Na ce masa mahaifiyarsa ta gaji, lafiyarta ba ta ɗaukar raino, matarsa ta ajiye aiki ta riƙe 'yarta. Ya ce ai sun san da haka, shi ya sa suka nemi mafita.

"Baba, akwai maganar hadana. Da ma muna jiran lokacin da za mu gaya muku. Hukuma ta riga ta amince."

Na tsaya cak a bakin titi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda ya faɗe ta hankali kwance. Na ce a raina, ashe shi ma ya sani, ashe har ya sallama 'yarsa. Ban bari ya ƙarasa ba.

"Kada in sake jin wannan kalma a gidana. In ni na haife ka, matarka ta zauna a gida. Na gama magana."

Ban taɓa yi masa irin wannan maganar ba tun da ya girma. Ya ce, "To, Baba." Muka ƙarasa gida kowa na kallon gabansa.

Ban san me ya gaya mata ba. Na dai ji kukanta ta bango, ba mai ƙara ba. Ta ƙarasa watan, ta ajiye aikin. Washegari ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni kamar kullum, idanunta a kumbure. Ni kuwa na ji sanyi a raina. Na ɗauka na ceci gidana.

Watanni suka shuɗe. Surukata ba ta canza mini fuska ba, abincina bai taɓa makara ba. Amma ta daina dariya a ɗakin girki, ta daina kawo wa Hajiya ɗan turaren da takan kawo mata. Haya ta yi wa ɗana nauyi, ya ƙara aiki. Tsakiyar zafi, lokacin da ko tsuntsu ba ya sauka a kan ƙarfe, yana saman rufin mutane yana kwance na'ura. Ya rame, ya yi baƙi. Ina gani, ina ce wa kaina wannan ya fi a rasa yarinyar.

Hajiya ce ta warware abin, ba tare da ta san ta yi ba. Muna cin abincin rana mu biyu, ta ce, "Alhaji, ni fa har yau ban gane abin da ka gani a wurin nan ba da ka ƙi shi haka."

Na ce wane wuri.

"Hadanar mana. Jiya surukarka tana shafa mini magani a gwiwa ta nuna mini a waya. Ɗaki ne fes, da 'yan kujeru, da 'yan katifu na barcin rana, mata ne ke kula da su. Ga shi bayan wurin aikin da ta bari, da ƙafa ma za ta je."

Ta ci gaba da magana tana cin abincinta. Ta ce hukuma ce ke taimaka wa mata 'yan ƙasa masu aiki da ƙaramin albashi, ta biya musu mafi yawan kuɗin wurin rainon, su cika ragowar. Ta ce surukar tamu ta daɗe tana bin abin a waya kafin a amince mata, duk don Hajiya ta huta. Wai ta ji tsoron gaya mana ne don kada mu ga kamar ta raina rainon kaka. Da ta bar aiki kuwa taimakon ya tafi da aikin, tunda na masu aiki ne.

Na ajiye lomar da ke hannuna. Hajiya ta tambaye ni ko gishiri ya yi yawa.

Da yamma na ɗauki mota na tafi Ulaya, na shiga layin da ke bayan kantunan. Ban sha wahalar samun wurin ba. Katanga ce mai fenti da zanen furanni da giwa, a samanta an rubuta kalmar da manyan baƙaƙe, waɗanda ko ɗan allo zai karanta. Iyaye mata suna fitowa da yara, kowace da 'yar jaka a hannu. Na tuna na sha wuce irin waɗannan katangu a 'yan shekarun nan, tun da mata suka fara fita aiki da yawa, ban taɓa ɗaga kai na karanta ba. Gidajen da na yi wa tuƙi masu kuɗi ne, jariransu a gida ake rainonsu da 'yan aiki, in sun tasa a kai su rauda, wato makarantar ƙananan yara, ita na sani. Na zauna a mota har aka rufe ƙofar.

Hajiya na fara gaya wa. Ta dube ni ta ce, "Kai da ke kai ta aiki kullum, kana dawo da ita kullum, bakinka ciwo yake yi?" Na ce ta san al'ada. Ta ce al'adar ba ta hana ni tambayar ta ita ba, da muke kwana ɗaki ɗaya.

Da na gaya wa ɗana, ya rufe fuska da hannu biyu. Ya ce shi ya ɗauka ina cikin tsofaffin da ke ganin kai yaro wurin baƙi abin kunya ne, kamar an kai shi gidan marayu, kuma haka ya gaya wa matarsa. Ya roƙe ni a bar maganar a haka, ya ce gaskiyar za ta fi yi mata ciwo. Na yi tunanin karɓar shawararsa, don ta fi mini sauƙi. Amma na ga in na yi shiru, to za ta ci gaba da yi mini biyayya a kan abin da ba shi ne ba. Na ce ni zan gaya mata da bakina.

Ranar Juma'a bayan an sauko, na zauna a falo na sa Hajiya ta kira ta. Ta durƙusa a bakin ƙofa. Na ce ta shigo ta zauna. Ta kalli mijinta, ta kalli Hajiya, don ban taɓa cewa haka ba. Ta zauna a gefen darduma. Na gaya mata komai, tun daga danjar nan har zuwa hanyar masallaci, har da dalilin da ya sa na so ta rasa albashi. Ban rage ba. Wannan ce rana ta farko da na yi mata magana mai tsawo, kuma ita ce maganar.

Yarinyar tana wasa da murfin tukunya a ɗaya ɗakin, muna jin ƙarar.

"Baba," in ji surukata, "da aka ce mini ba ka son a kai ta wurin baƙi, na yi kuka, amma na fahimta. Kakata ma haka take. Na ce tsoho ne, yana son jikarsa. Amma ashe duk ranakun nan ina zaune a bayanka kana ganina a matsayin mai shirin sace 'yata daga hannun ubanta."

Na ce haka ne. Na ce ta yafe mini.

Ta tashi ta shiga ɗaki. Washegari da safe, bayan gaisuwa, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana duka. Na yarda da gaske take, ba ta taɓa faɗin abin da ba ya ranta ba.

Na ce ta koma aikinta, ni zan kai ta. Ta je shagon, ta tarar an daɗe da ɗaukar wata. Ta nemi wasu wurare, ina kai ta ina jira a waje. Wani wurin su ce za su kira, wani wurin aikin na dare ne. A hanya nakan yi ƙoƙarin yin magana, in tambaye ta yaya aka yi, ta amsa da ladabi a taƙaice. Kunyar da nake alfahari da ita na ajiye, amma ita yanzu tana da nata shirun, kuma ba irin wancan ba ne.

Daga ƙarshe wata 'yar uwarta ta samo mata aiki a Jidda, a teburin karɓar baƙi na wani ƙaramin asibiti. Akwai wurin rainon yara kusa, kuma in ta fara aiki za ta iya sake neman taimakon. Ɗana ma ya sami wanda zai ɗauke shi a can, gyaran na'ura ba garin da ba a nemansa. Ya zo ya zauna a gabana, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce ba za su tafi ba sai da izinina.

Ina da ikon cewa a'a, kuma na san zai bi. Hajiya tana gefe tana share ido da bakin mayafi, tana jiran in faɗa. Amma na riga na yi amfani da wannan ikon sau ɗaya, na ga abin da ya haifar. Na ce su tafi, Allah ya sa albarka. Na ƙara da cewa su kai yarinyar hadana, na faɗi kalmar da bakina don ya ji.

Sun tafi da sassafe, motar kaya a gaba, su a baya. Na sauko da jikata a kafaɗa, rabinta barci, na sa ta a kujera. Matar ɗana ta riga ta shiga, sai ta sake fitowa ta zo ta tsaya a gabana, ba ta durƙusa ba, ta dube ni.

"Baba, ana tashin yaran hadanar bayan la'asar. Ka riƙa kira a lokacin, kafin ta gaji."

Haka nake yi har yau. Ni da Hajiya mun koma ƙaramin gida a hawan ƙasa. In na idar da la'asar sai in zauna in kira, Hajiya ta matso kusa don ta shiga hoton. Wata rana yarinyar takan zo da gudu ta nuna mana abin da ta zana. Wata rana kuma tana wasa da 'ya'yan kawunnanta, uwar ta yi ta kira ba ta zuwa, sai ta ce in yi haƙuri, in sake gwadawa gobe.